Kibiyar da Ap Gembo Ya Hana Tashi

A ƙauyenmu na saman tsaunukan Butan, duk wanda kibiyarsa ta sami allo ranar gasa, nan take ake soka masa ƙyalle mai launi a ɗamara, 'yan ɓangarensa su zagaye shi da rawa. Ap Gembo ya yi furfura, haƙora sun fara yi masa sallama, amma ɗamararsa tana nan fayau. Abin yana cinsa a rai ƙwarai, ko da yake in aka taɓo zancen sai ya hau tari.

Ba harbi ne bai iya ba, maƙo ne ya yi masa katutu. Tun yana saurayi kawunsa ya bar masa kibau biyu na gaske, miƙaƙƙu sambal, masu gashin kazar tsauni mai sheƙi. Gembo ya zura su cikin gora, ya toshe, ya rataye a ɗakin ibada. Na harbawa kuwa, sai ya gangara bakin kogi ya yanko kyauron da iska ta gama lanƙwasawa, ya fige zakaran matarsa, ya liƙa gashin da danƙo.

"Maigida, ka bar wa zakaran nan ko na rufe tsiraici mana," in ji matarsa Aum Lhaden.

"Ai zai tsiro. Kibiyar kirki in ta ɓata, tsirowa take yi?"

Da waɗannan karkatattun yake shiga daji yana harbin kututture. In ɗaya ta karye ko ta shige sarƙaƙiya, ko waiwaye ba ya yi. Dukkansu ɓangaren dama suke zillewa, don haka ya koya wa hannunsa auna hagu, har ya zama sai ya auna iska kibiya ta dawo ta caki kututture. A dajin nan babu kututturen da bai ji a jikinsa ba. Sai dai kututture ba ya soka wa mutum ƙyalle. A fili kuma 'yan ɓangarenka a gefen allo suke tsayawa suna nuna maka hanya, kuma babu mai 'ya'ya da zai tsaya can Gembo na sakin waɗannan kibau masu tangaɗi kamar mashaya. Saboda haka duk gasa aikinsa zuba wa maharba shayin man shanu.

Shekarar da samari suka watse birni, aka rasa cikon mutum a gasar sabuwar shekara da ƙauyen ƙetaren kogi. Dophu, shugaban maharbanmu kuma abokin wasan Gembo, ya same shi har gida.

"Tsoho, ranarka ta zo. Amma ka sauko da amaren nan naka na cikin gora. In na ga gashin zakara a fili, da bakan zan rafke ka."

Gembo ya sauko da gorar. Kowane maharbi kibiya biyu yake harbawa a zagaye, shi kuma biyun ke nan gare shi a duniya. Ya tsaya, ya ja tsirkiya, hannu ya yi abin da ya saba, ya auna hagu. Kibiyar kawu ba ta san wannan yarjejeniya ba. Inda aka nuna mata nan ta nufa, ta wuce saman tukwanen barkono da cuku, ta faɗa kwazazzabon kogi.

Matan ƙetare, da aikinsu ke nan tsokanar abokan gaba, suka jera suka ɗau waƙa, wai a tambayi tsoho ko kifi aka aiko shi harbi.

"Allon za ka auna, sarkin kututture!" Dophu ya ƙwala daga can. "Allon kansa! Wannan ba 'yar gidan kaji ba ce!"

Gembo ya ɗora ta biyu. Ya gane kuskurensa sarai. Ya dawo da hannu, allo ya zauna masa daidai kan tsini, kuma ya ji a jikinsa cewa in ya saki, ƙyalle ya samu. Nan ne tunani ya zo masa: in ta kauce, kogi ya cinye, in ta samu, katako zai dakushe mata baki, wataƙila ma ta tsage. Kuma ita kaɗai ta rage.

Ya sassauta tsirkiya a hankali, ya share kibiyar da hannun riga, ya mayar cikin gora.

"Kafaɗa ce ta riƙe," ya ce.

Aka cinye mu. Aum Lhaden ta kwashe kwanukanta ta wuce gida ba ta ko dube shi ba, don kunya ta ishe ta. Ba a sake kiransa ba, shi ma bai sake neman a kira shi ba. Ya koma wa kututturansa har ƙafa ta daina kai shi daji.

Bayan rasuwarsa, malamin ibada ya zo yi wa gida addu'a, ya nemi kibiyar da za a kafa a ɗakin ibada don neman albarka, kamar yadda muke yi. Aum Lhaden ta buɗe gorar. Malam ya juya kibiyar, ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba, ya ɗaura mata ƙyallayen siliki kala-kala har suna jan ƙasa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"To, ke dai kin samu," ta ce wa kibiyar.