Gaɗar bayan rumfa

Jikata Saratu ka rubuta min, ni ban san boko ba.

Bikin gargajiya anka yi Gummi. Ni da ƙawata Tumba munka taso za mu shiga gaɗa, mai usur yat tare mu.

"Inna, ba ku da anko, kuma sunanku bai cikin takarda."

Nic ce: "Ɗana, gaɗar ma sai da takarda?"

'Yan matanshi sun yi layi, suna ta murmushi ga manyan baƙi. Sun yi kyau, wallahi. Amma babu wadda taf faɗa baya, don babu mai cabe ta.

Munka koma bayan rumfa, masu hura sunka aje ƙwarya, anka kama taɓi. Tumba tac ce: "Tsohuwa, in kin karye ba ruwana!"

Shekaruna sun yi yawa, ƙuguna na ciwo. Nir rumtse ido, nis saki jiki baya.

Hannuwa sunka cabe ni. Biyu daga cikin masu hannuwan 'yan matan anko na, sun sulalo daga layi.

Ku wa ka cabe ku in kun faɗa?

Saratu, aje wayar. Na gaji.