Yadda Aka Cinye Shaidata a Hanyar Gidimuni

Lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da barin lise, wato babbar sakandare, ba. Na zauna jarrabawar bak, ta kammala lise, ta kayar da ni, na koma ta sake kayar da ni, na ce to an gama, na tattara littattafan na ba ƙanena. Ni mai gaggawa ce, kowa a gidanmu cikin Birnin Zinder ya san haka. Idan mutum ya fara mini zance da dogon sharar fage, kafin ya kai gindin maganar na sa takalmi. Innarmu takan ce ranar da aka raba haƙuri an aike ni kasuwa. Wannan halin ne ya sa nake rubuto muku, don ya ci mini abin da har yau ban mayar ba.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, na haɗa rabona da kwasar adashi na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, na yi farmi, wato lasin tuƙi. Innarmu 'yar wani ƙauye ce kusa da Gidimuni, saboda haka na san masu lambu da masuntan bakin tafki tun ina ƙarama. Sai na shiga ɗauko kifi da dabino da kayan miya ina kawo wa masu abinci a Zinder. Motar nan ita ce gonata, ita ce rumfata, da ita nake ciyar da gida. Ku riƙe wannan, don ni a lokacin ban riƙe ba.

Ranar da na je yankar asirans, wadda wasu ke kira inshora, na tarar da wata mata a biro, wato ofishinsu, mai magana a hankali kamar tana tsince tsakuwa cikin shinkafa. Ta tambaye ni wace iri nake so. Na ce mata ta jandarma, wadda idan an tsayar da ni a shinge zan miƙa a ce in wuce, kuma mafi araha. Ta ce wannan ita ce ƙaramar da doka ta wajabta wa kowane mai mota, amma in sani ɓarnar da na yi wa wani kaɗai take biya, jikinsa ko dukiyarsa; motata da jikina ba sa ciki. Ta tambayi abin da nake yi da motar, na faɗa mata. Ta ce mai cin abinci da mota, kullum yana kan hanyar ƙauye, ya kamata ya ƙara wani abu a kai, ko da wanda zai gyara motar ne idan an yi karo. Na ce mata lekol, wato makaranta, na baro, ban zo nan a sake buɗe mini wata ba, ta ba ni takarda kifina na jira. Ta fara faɗin abin da ake yi ranar da hatsari ya auku, wayata ta yi ƙara, na ɗaga. Har na fita bakinta bai rufe ba. Na linke takardar na jefa cikin akwatin gaban mota, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Abin ya faru da bazara, ranar kasuwar Gidimuni, rana na dukan ƙasa. Na cika bayan mota da kifi, ƙanƙarar da na zuba tana narkewa, ina ta taka mai don in isa kafin ya fara wari. Gudu nake yi, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo ya fito da amalanke daga hanyar lambu, bijimi ɗaya na jan ta. Na taka birki, amma ina! Na daki bijimin a ƙafafun gaba. Dattijon ya faɗa cikin yashi, Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Bijimin ya kwanta yana nishi, ƙafa a karye, jini na fita ta hanci. Gaban motata kuwa ya shige ciki, ruwa na tsiyaya, gilashi ya tarwatse.

Kafin in gama salati hanya ta cika da 'yan kasuwa. Wani ya ɗaga murya ya ce a kawo wuƙa kafin ya zama mushe, a yi asara biyu. Ban san daga inda mahauci ya ɓullo ba, kamar dama a bayan bishiya yake jira. Aka juya bijimin gabas aka yanka. Ni kuma na ciro waya zan kira jandarmomi, don ko ban saurari matar biro ba, na san ana kiransu. Sai na ji an riƙe mini hannu. Kawuna ne, yayan Inna, ya zo cin kasuwa. Ya tambaye ni ko na san wanda na buge. Ashe mijin ƙanwarsu ne, wanda muke kira Baba, rawani ne ya rufe masa fuska ban gane shi ba. Kawu ya ce wato ni 'yar boko zan kira wa gidanmu masu kaki, a gaban kasuwa, a rubuta sunan mijin ƙanwar Inna cikin takardar gwamnati kamar ɓarawo? Ya ce in mayar da wayar nan kafin ya karɓe ta, maganar gida a gida ake yin ta. Samari suka tura motar gefen hanya, aka janye amalanke, shanun da ke dawowa daga kasuwa suka tattake sawun taya.

Aka zauna gindin wata bishiya gaban mai gari. Wannan ya yi wa'azin ƙaddara, wancan ya ba da labarin jakinsa da mota ta taɓa bugewa, wani ya fara lissafin yadda kakata ta haɗa dangi da kakarsa. Kifina yana can yana dahuwa cikin rana. Raina ya ƙare. Na miƙe na ce a taƙaita, laifina ne, na ɗauka, zan saya wa Baba bijimi kamar nasa kafin ruwan shuka, ai ina da asirans, su za su biya har da motata. Jama'a suka ce madalla da 'yar halak, aka shafa fatiha. Mahauci ya sayi abin da zai saya a wulaƙance, sauran aka rarraba, har aka naɗe cinya ɗaya cikin buhu aka sa mini a mota, wai rabon Inna. Wata babbar mota ta jawo ni zuwa Zinder da igiya.

Ban ma je biron da wuri ba. Na tsaya yawon gareji ina tambayar kuɗin gyara, don in kai musu lissafi gaba ɗaya in huta da zirga-zirga. Da na je, matar nan ta gane ni, ta ce a'a, mai ta jandarma ce. Ta haɗa ni da wani mai kula da hatsari. Ya tambayi kwansta, wato takardar da jandarmomi ke rubutawa a wurin da abu ya faru. Na ce babu. Ya tambayi hoto, na ce wa ke ta hoto ana fiɗa. Ya ce to takardar likitan dabbobi da ta nuna girman bijimin da raunin da ya ji? Babu. Ya ajiye alƙalami ya ce to shi bijimin yana ina. Na ce an cinye. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, da ƙarfi, har na bayan layi suka fashe da dariya. Ya ce madam, su ba su ga sa ba, ba su ga wurin ba, na zo a makare bayan kwanakin da takardata ta ba ni, kuma alkawarin da na ɗauka gindin bishiya ni ya ɗaure, bai ɗaure su ba, don ba a amsa laifi da sunansu ba tare da saninsu ba. Na ce to a bar bijimi, a gyara mini mota. Ya juya takardar ya nuna mini da yatsa inda aka rubuta abin da na saya. Motata ba ta taɓa shiga ciki ba. Na yi masifa, na kira su macuta, na ce kuɗin mutane kawai suka iya karɓa. Matar ta bari na gama, sannan ta ce a hankali duk wannan ta faɗa mini, ina waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na koma gida. Kawun da ya riƙe mini hannu shi ne ya fara cewa ai dama takardar Nasara yaudara ce, shi ya san ba za su biya ba. Na ce masa da ya sani ya bar ni in kira masu kaki mana. Ya ce in dubi bakina, da wa nake magana. Inna kuwa ta ce in daina ɗaga murya, in ci abinci. Sai da na kusa cinye kwanon na tambaye ta inda ta samu nama haka, ta ce dambun cinyar nan ne ta adana. Na dubi hannuna. Shaidar tawa ce nake ci da tuwo.

Baba bai taɓa zuwa ya tambaye ni ba, kuma da ya zo ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Matarsa yake aikowa da gaisuwa, wai yaya jikina, yaya tsorata, kuma wai an fara ganin hadari ta gabas. Na gane. Da bijimin nan yake huɗa, da shi yake kai taki, da shi yake ɗebo ruwa. Idan ruwa ya sauka ba shi da sa, damanarsa ta tafi, kuma ni na miƙe gaban mai gari na yi alkawari ba wanda ya matsa mini. Kuɗin gyaran mota ba ni da su, balle na bijimi. Na sayar da motar yadda take ga mai gareji, ya taya kamar yana sayen tsohon kwano, na karɓa. Na je kasuwa da Kawu muka sayi bijimi ja, na kai wa Baba har gida. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ko amin da ƙyar ta fito.

Yanzu a motar tasha nake bin hanyar, ana jibga kwandunana a sama ana cajin kowanne, direba ya tsaya inda ya ga dama, kifi ya yi wari ko kada ya yi. Na koyi zama, tunda ba ni ke tuƙi ba. Wani lokaci ta taga nakan hango jan bijimin yana jan amalanke, ya yi ƙiba abinsa. Mutanen ƙauyen sun sa masa suna Asirans.

'Yan uwana masu mota, musamman mata irina da ke neman na kansu da ita, ƙaramar asirans ba taku ba ce, ta wanda kuka buge ce, kuma ko shi ba zai ga komai ba sai da shaida. Idan motarku ta mutu gobe za ku iya sayen wata, to ku tsaya a ƙaramar. Idan kuwa ita ce tukunyar gidanku, ku zauna ku tambayi abin da za a ƙara, ku bar mai bayani ya kai aya, ko da kifi na jira. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ku gaida dattawa da ladabi, amma kada a motsa mota, kada ku amsa laifi don a tashi da wuri, ku ɗauki hoto, ku kira jandarma, ku sanar da biro tun abin yana da zafi. Kiran ba cin mutuncin dangi ba ne. Da na yi shi, da wataƙila Baba ya samu sansa ban rasa motata ba. In kuwa dabba ce kuka buge, ku yi sauri, don mai wuƙa ya fi ku gaggawa.