Jan Bututun Yaya Sule

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sule, Allah Ya jiƙansa. Ma'aikacin sashen ruwa ne a nan Daura, kuma abin da ya fi damunsa a rayuwa shi ne ganin ruwan da aka yi amfani da shi sau ɗaya yana tafiya kwata a banza.

Ya daɗe yana tsara yadda za a tara ruwan alwala na manyan masallatan gari, a tace shi da yashi da tsakuwa, a adana a tankuna, sannan a raba ta bututu ga masu lambu da masu buga bulo da marina. Da ya gaji da jiran amincewar ofis, sai ya gwada a masallacin Juma'ar unguwarmu. Ya gina tanki bayan wurin alwala, ya ja bututu zuwa lambun Malam Idi, wani dattijo da rijiyarsa ke ƙafewa duk bazara. Ya shafa wa bututun jan fenti don kada wani ya sha.

Latas da tumatir suka yi kyau a shekarar. Amma magana ta riga su isa kasuwa, wai ai ruwan alwala da zunuban mutane yake gangarowa. Da kunnena na ji wata mai sayar da abinci tana cewa, "Malam Idi, nawa kashin laifin unguwa? Cire mini na mahauta, ya yi nauyi." Aka kwashe da dariya, ba wanda ya saya. Liman ya yi bayani a huɗuba cewa babu komai a ciki. Aka ce to, aka ci gaba da wuce kayan. Sai dattijon ya riƙa ɗora su a babur zuwa Sandamu, inda ba a san da wane ruwa aka raine su ba.

"Zunubi ba ya shiga tumatir, Habu," in ji Yaya. "A ba mutane lokaci."

Shi ne bai samu lokacin ba. Bayan rasuwarsa wani mai hali ya gyara masallacin don neman lada. Aka shimfiɗa tayil, aka rushe tankin don faɗaɗa haraba, aka mayar da ruwan kwata. Niyyarsa kyakkyawa ce, ba wanda ya gaya masa amfanin jan bututun. Bazara biyu Malam Idi ya jure, sannan ya sayar da lambun. Gidaje ne a wurin yanzu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Duk mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, kowace ta fi ta maƙwabci zurfi, rijiyoyin talakawa sun ƙafe. Masu bulo suna sayen ruwan sha daga motar tanka su kwaɓa siminti. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tsaya bakin kwata ne yana kallon ruwan da ke wucewa, kamar yadda ya saba.

Me ya rage nasa? Ba suna a jikin bango, ba tanki. Sai dai Malam Idi, wanda har yanzu yake zuwa masallaci da ƙaramar roba. A kanta yake alwala, ya ɗauka a hankali ya zuba a gindin wani zogale da ke bayan katanga. Na taɓa cewa, "Baba, kawo in kai maka." Ya ce, "Bar shi, Habu. Na Sule ne."

Kowace Juma'a ruwan jama'a duka yana bin kwata, na mutum ɗaya ne ke isa gindin zogale. Kuma bana hannun Malam Idi ya fara rawa, rabin ruwan a hanya yake zubewa.