Kwandansar da Na Saka wa Amfilifayar Masallacinmu

Daga Alabar har Tafo, nan cikin Kumasi, babu kayan wutar da ya taɓa gagarata. Rediyon da aka yi wa sallar gawa ma, in ya shigo shagona, da waƙa yake fita.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji shekara da shekaru ana ɗaukar amfilifayar masallacin layinmu ana kai wa wani tsoho Ba'asante a Ashanti New Town, wanda kowa ke kira Wofa. Amfilifayar irin ta dā ce, mai bawul, wato kwalaben nan da ke yin ja in sun ɗau zafi. Da ita kaɗai ake jin ladaninmu, don muryarsa ta tsufa, ko kazar maƙwabta ba ta tayarwa. Matsalarta gurnani. Kafin a ji Allahu Akbar sai an ji kamar tiroto, tsohuwar motar haya, na hawa tudu.

Wata rana na bi masu kai ta don in ga gwanin. Shagon kamar akurki, gilashin idonsa ɗaure da zare. Ya nuna mini kwandansa, 'yar gwangwanin da ke tace wuta bayan ta fito daga bawul.

"Masta, wannan bawul ba ya ɗaukar kwandansar da ta wuce maikirofarad arba'in," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Ka sa babba, za ta ja wuta da ƙarfi, bawul ya mutu. Kuma irinsa ya ƙare a Kumasi."

"Wofa, arba'in ai kwandansar tocila ce."

Bai ko ɗago kai ba. Na ce a raina, tsoro ne ya yi wa mutum furfura ake ce masa ilimi.

Na lallaɓi ladan ya ba ni ita kwana ɗaya. Na cire 'yar mitsitsiyar Wofa na jefa a kwandon shara, na ɗauko mai maikirofarad ɗari huɗu da saba'in daga wata mushen sifika, ƙatuwa kamar gwangwanin tumatir, na liƙa da dalma. Na kunna. Tsit. Ko numfashin sauro za ka ji. Kwana biyu ina tsayawa a ƙofar masallaci ina karɓar gaisuwa, ina ba da labarin tsofaffin da zamani ya wuce.

Rana ta uku, ana cikin kiran la'asar, aka yi dumso: wuta ta ɗauke, ta dawo nan take, bawul na da zafi. Ina alwala na hango shuɗin haske a cikin kwalbar, sai ƙas. Ladan ya ci gaba da kira, bakinsa kawai ke motsi. Mutum shida muka yi sallar.

Na zaga Tafo, na birkice kwandunan 'yan gwangwan har hannuna ya yi baƙi. Babu bawul. Wurin Wofa kuwa ƙafata ta ƙi zuwa.

Na dawo na tarar da ladan a kan benci yana jan carbi. Na fara yi masa bayanin yadda wutar ƙasar nan ba ta da tarbiyya. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"To, ɗana," ya ce, "daga gobe kai za ka riƙa bin gida-gida kana cewa lokaci ya yi. Baki kam Allah ya ba ka."