Ankar Alhaji Ta Zauna a Yashi

Cikin shekarun da na yi ina tuƙin jirgi a bakin ruwan Gaya, ranar da muka rabu da ankar Alhaji Ɗandare ce ba ta fita raina.

Jirgin namu tagwaye ne, kwale-kwale biyu da aka haɗa da katako don ɗaukar dabbobi zuwa Malanbil. Ni ne matuƙi, ina baya wajen inji, Sale mai gora yana gaba yana auna zurfi. Anka kuwa, wato ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, a wurinmu tsohon injin kamiyo ne, babbar motar kaya, da sarƙa mai kaurin hannu. Alhaji, mai jirgin, ya gaje ta wurin mahaifinsa. Sai ƙarti huɗu ke ɗaga ta, shi kuwa da haka yake alfahari.

Na sha gaya masa tagwayen jirgi ba ya son nauyi a goshi. Har na sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarfen gini, ya yi mini ƙaramar anka mai farce huɗu, na ɓoye ta ƙarƙashin katako. A ƙa'idarmu ba a canza anka sai da izinin mai jirgi.

Ana gab da Babbar Sallah, ruwa ya ja baya, muka ɗauko raguna, Alhaji na ciki. Tsakiyar kogi goshin jirgi ya kafe a yashi. Muka tura, muka yi gumi, ko motsi. Raguna sai kuka, masu ragunan sai harara.

Na ce, "Alhaji, ko raguna su sauka, ko anka."

Ya ce, "Kai, Mamman! Ƙarfen babana zan zubar a ruwa?"

Ya ba ni tausayi ƙwarai, don idonsa har ya kawo ruwa. Sai Sale ya ce, "Ba zubarwa ba ce, Baba. Yashin nan kullum kama jirage yake. A ɗaura mata bido, jarkar ta riƙa yawo a saman ruwa don alama, ita kuma ta zauna ta yi gadi."

Alhaji ya shafa ƙarfen, ya ce, "To, ku sauke ta a hankali. Ba jifa ba."

Muna sauke ta jirgi ya taso. A ƙetare na jefa ƙaramar, ta cafki ƙasa gam. Alhaji ya kalle ta a wulaƙance ya ce, "Wannan ƙafar kazar?" Amma bai ce a cire ba.

Yau duk matuƙin da ya hango bidon sai ya kauce, wurin ma Ankar Alhaji ake kiransa. Shi kuwa duk baƙon da ya shiga jirginsa sai ya nuna masa.

A ranar na gane riƙon ƙasa ke tsayar da jirgi, nauyi wahala ce kawai. Mutanen ruwa kuma ba sa yar da abin gado, sai dai ka samo masa wani aikin.