Pothen Mai Rubuta Shaida da Surukinsa Ittup

Shekara talatin da ɗaya Pothen Korah ya yi yana rubuta bayanin shaidu a wata kotu a garin Kottayam. Abin da mutum ya faɗa shi yake sawa a takarda, ko da ya san ƙarya ce. Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu, yana kula da 'yan itatuwan roba da ya gada.

Ittup, wan matarsa Sosamma, tsohon malamin tarihi ne da ya bar zuwa coci tun yana saurayi. Duk Lahadi yakan zo cin rogo da miyar kifi, kuma kafin a wanke hannu sun shiga gardamar tashin Yesu daga matattu. Ittup yakan ce labaran nan huɗu da littafi mai tsarki ya kawo a kan tashin ba su dace da juna ba: wani ya ce mace ɗaya ce ta je kabarin, wani ya ce uku, nan mala'ika ɗaya, can biyu. Ga shi kuma sai bayan shekara arba'in aka fara rubuta su.

"Suruki, in shaidu huɗu suka zo da magana ɗaya sak, lauya ne ya koya musu a gindin bishiya," in ji Pothen.

"Ashe da sun ƙara saɓawa, da ka ƙara imani. Miƙo min miyar."

Batun shekara arba'in ɗin ne yake damun Pothen, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya sha ganin mutumin kirki ya rantse a kan abin da bai gani ba, don ya daɗe yana jin ana faɗa. Wata shekara limamin cocin ya sa shi yi wa matasa jawabi kafin Ista, bikin tashin Yesu. Ya gaya musu cewa matan nan da suka je kabarin, a ganinsa, ba shirya magana suka yi ba, amma ba wanda zai iya kiransu yau ya yi musu tambayoyi. Ya ce shi ya gaskata, sai dai ba takarda ce ta kai shi can ba. Ba a sake gayyatarsa ba.

Da ciwon huhu ya kwantar da Ittup, Pothen ne ya yi jinyarsa. Ittup ya riga ya rubuta cewa a ba ɗaliban likita gawarsa. Ranar da ya mutu, dangi suka taru suka ce ai ya tuba a ƙarshe, an ga leɓensa yana motsi da addu'a, don haka a binne shi a maƙabartar coci kusa da iyayensa. Limamin ya ce zai yarda idan wanda yake wurin ya tabbatar. Sosamma ta zuba wa mijinta ido.

"Leɓensa ya motsa," Pothen ya ce. "Ruwa ya nema, na ba shi. Ban ji wani abu bayan wannan ba."

Shi ya raka gawar asibitin koyarwa, ya sa hannu, ya komo a motar haya. Wata biyu Sosamma tana ajiye masa abinci ba ta ce masa uffan. Daga baya suka shirya, ko da yake ba ta ƙara ambaton sunan wanta a gabansa ba. Pothen ya ci gaba da zuwa coci, yana tsayawa a layin baya saboda gwiwarsa, har damina ta tara bayan mutuwar Ittup, lokacin da ya rasu yana da shekara saba'in da tara.