Ranar da Na Fara Gaida Ƙaramar Gwaggo

Bayan girbin wata shekara na ɗauki iyalina muka fita zumunci na kwana biyu, da niyyar mu kai yara su ga ruwan dam ɗin Tiga. Tun a gida na rubuta gidajen da za mu shiga da ajami, na jera su yadda titi ya jera su: garin Ƙofa, sannan Dangora. A nan na yi kuskure, domin gwaggon da ke Ƙofa ƙanwa ce, yayarta tana Dangora, kuma yayar ce ta riƙe mahaifina bayan rasuwar kakarmu.

Mun ci dambu a Ƙofa, mun yi azahar. Ashe tun muna wanke hannu labari ya isa Dangora ta waya.

Babbar gwaggo ta tarbi yara, ta rungume matata, ta tambayi kowa gajiya. Ni kuwa na durƙusa a bakin tabarma ina jero gaisuwa, tana amsawa da “lafiya” ɗaya tak, idonta a kan gyaɗar da take ɓarewa. Na ce hanya ce ta biyo da mu haka.

“Hanyar ce ta goyi ubanka?” in ji ta.

Tsorona kada mu rabu a haka, ga shekarunta sun ja. Na nemi gafara. Ita kuwa sai ta sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na cinye tas duk da cikina a cike yake.

Da safe ta ji yara na zancen Tiga, ta ce ita ba ta taɓa gani ba, sai labari. Ta yafa mayafi ta shige gaban mota, matata ta koma baya tana dariya. A bakin dam ta daɗe a tsaye tana tasbihi, ta tambayi masunta ko ruwan yana da ƙarshe. Ta ɗebo da hannu ta shafa wa kowa a fuska, ni ne na ƙarshe, amma ta shafa.

Da muka mayar da ita gida ta sa mana albarka, ta leƙo ta tagar mota.

“To, ɗan nan, yanzu sai ka biya Ƙofa ka gaida ƙanwata. Ta jiya ba gaisuwa ba ce.”

Muka biya, muka sake cin dambu.